Gwanintar Jiki Wajen Sallamar Kumburi

Wuri ya yi ja, ya tasa, ya ɗau zafi, ya riƙa zogi. Tun ƙarni na farko na miladiyya wani marubucin Rum mai suna Celsus ya jera waɗannan alamomi huɗu na kumburi, kuma har gobe da su ake koyar da ɗaliban likitanci. Abin da aka daɗe ba a waiwaya ba shi ne yadda kumburin ke sacewa. An ɗauka da kansa yake lafawa idan sinadaran da suka tayar da shi sun ƙare. Binciken shekaru 40 da suka wuce ya nuna cewa aiki ne mai tsari, da umarninsa da ma'aikatansa. Duk wanda ya taɓa yin biki ya san tara jama'a ba wuya, gwani shi ne mai sallamar baƙi lafiya, a share gida, a mayar da komai muhallinsa.

A ce ƙaya ta soki mutum a ƙafa. Kafin a jima, fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil sun fara tururuwa zuwa wurin. Su ne suka fi yawa a cikin fararen ƙwayoyin jinin babban mutum, kuma ɓargo yana ƙera kimanin biliyan 100 nasu a kowace rana. Masu kiran su sinadarai ne da ƙwayoyin wurin ke fitarwa, ciki har da wasu da ake sarrafawa daga maiƙon fatar ƙwayar halitta. Likotirin B4 yana jawo nutrofil, firostagilandin kuma yana buɗe ƙananan hanyoyin jini, yana ƙara raɗaɗi. Nutrofil suna haɗiye ƙwayoyin cuta, suna feso guba mai kashe su. Sai dai gubar ba ta san na gida ba, idan suka daɗe, tsokar mai ciwon ma za ta ci. Mugunyar da ke fita daga maruru galibinta gawarwakinsu ne.

A nan gwanintar take farawa. A 1984, a Cibiyar Karolinska ta birnin Stockholm a Suwidin, Charles Serhan da Mats Hamberg da Bengt Samuelsson suka gano wani sinadari da suka sa wa suna lifoksin. Daga maiƙon da ke haifar da likotirin ake yin sa, amma saƙonsa akasin na wancan ne: nutrofil su daina shigowa. A 2001 ɗakin binciken Serhan da ke Boston a Amurka ya nuna abin da ya fi ban mamaki. Firostagilandin ɗin nan da ya hura wutar, shi ne kuma yake sa ƙwayoyin su fara ƙera inzayim ɗin da ke samar da lifoksin. Ke nan tun daga sa'o'in farko, umarnin tsayawa yana naɗe a cikin umarnin farawa.

An rufe ƙofa, saura waɗanda suke ciki. Nutrofil ba shi da tsawon rai. Idan ya gama aiki, sai ya mutu cikin tsari: ya tsuke, ya ƙunshe gubarsa ba tare da ya fashe ba. Yana cikin mutuwa yake aika saƙo biyu. Na farko, yana sakin sinadarai irin su ATP, waɗanda ke nuna inda yake. Na biyu, wani maiƙo mai suna fosfatidilserin, wanda a ƙwaya mai rai yake ɓoye ta ciki, sai ya juyo waje, ma'ana a zo a ɗauke ni. Ƙwayoyi masu lafiya kuwa suna ɗauke da wata shaida, CD47, wadda ke hana a taɓa su.

Mai karanta waɗannan saƙonni shi ne makrofej, babbar ƙwaya mai haɗiya. Élie Metchnikoff ne ya fara fahimtar aikin irin waɗannan ƙwayoyi a 1882 a Messina ta Italiya, lokacin da ya soka ƙaya a jikin ɗan wata halittar teku mai siffar tauraro, ya ga ƙwayoyi sun yi wa ƙayar zobe. Ya sami kyautar Nobel a 1908. A 1989 John Savill da abokan aikinsa a Landan suka nuna cewa makrofej yana haɗiye tsofaffin nutrofil ɗungurungum kafin su fashe. A 1998 Valerie Fadok da abokan aikinta a Denver suka ƙara da abin da ya cike hoton: haɗiyar tana sauya halin mai haɗiyar. Makrofej ɗin da ɗazu yake fitar da sinadaran tayar da kumburi, da zarar ya ci gawar nutrofil sai ya rage su, ya koma fitar da TGF-beta, mai kwantar da wuri da ƙarfafa gyaran tsoka. Kowace gawa da ya ɗauke shaida ce gare shi cewa faɗa ya kusa ƙarewa. Bai yi gaggawar tsayawa alhali cuta na nan ba, bai kuma zarce bayan ta tafi ba.

Daga 2000 zuwa 2009 Serhan ya bayyana wasu dangogin sinadaran sallama, wato risolbin da furotektin da marisin, waɗanda jiki ke yi daga maiƙon omega-3, irin wanda ke cikin kifin sadin. A gwajin dabbobi, suna rage shigowar nutrofil, suna ƙara wa makrofej kuzarin shara, ba tare da sun raunana yaƙi da cuta ba. Adadinsu a jiki ƙanƙani ne matuƙa, har masana na muhawara kan yadda ake auna su. An kuma gano cewa asfirin yana sa jiki ya ƙera wani nau'in lifoksin, yayin da wani gwaji kan ɓeraye a Landan a 1999 ya nuna cewa wasu magungunan rage kumburi suna sauƙaƙa shi da fari, sannan su tsananta shi a lokacin da ya kamata ya lafa.

Darajar wannan gwaninta tana fitowa fili ne idan ta gaza. Idan ba a kwashe matattun ƙwayoyi ba, sai su fashe, gubarsu ta zube, a sake kiran sababbin nutrofil. Haka ake gani a cikin kitsen da ke toshe hanyoyin jini har ya jawo bugun zuciya, haka kuma a gyambon ƙafar masu ciwon suga, inda makrofej ke maƙalewa a halin faɗa.

Saboda haka kumburin kwana biyu a kan ƙaramin rauni aikin jiki ne, a wanke wurin a tsabtace shi. Amma ciwon da ya ƙi warkewa bayan makonni, ko jan ya riƙa yaɗuwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, musamman ga mai ciwon suga, a kai shi asibiti, kada a tsaya sayen maganin kashe zafi a kemis.