Dokar "motsi" da ake koya wa masu koyon Holanci ba ta cika ba

Duk wanda ya buɗe littafin koyon Holanci na matakin farko zai tarar da wata doka: idan za ka faɗi abin da ya riga ya faru, aikatau na motsi yana tafiya da mataimaki *zijn*, sauran kuma da *hebben*. Dokar tana da sauƙin haddacewa, shi ya sa malamai ke son ta. Matsalar ita ce tana yaudarar ɗalibi tun a makonnin farko.

Dubi waɗannan jimloli biyu. *Ik heb gefietst*, wato na tuƙa keke. *Ik ben naar Utrecht gefietst*, wato na je Utrecht a keke. Aikatau ɗaya ne, motsin ma ɗaya ne, amma mataimakin ya canza. To me ya kawo haka? A jimla ta biyu akwai inda aka isa. Ga kuma *hij is gestorven*, ya rasu, da *het ijs is gesmolten*, ƙanƙara ta narke. Babu wanda ya taka ko'ina, amma *zijn* ne ya fito.

Ashe abin da harshen ke dubawa shi ne ko mai aikin ya sauya wuri ko hali, ya kai wani matsayi. Wannan ba sabon bincike ba ne. Tun 1978 David Perlmutter ya yi amfani da misalan Holanci wajen nuna cewa aikatau marasa karɓau kashi biyu ne: waɗanda mutum ke aikatawa, kamar rawa, da waɗanda ke faɗa wa mutum ko abu, kamar mutuwa da narkewa.

Bahaushe bai kamata ya sha wuya a nan ba, domin bakinsa ya saba da bambancin. Muna cewa "ya fasa kofin", muna kuma cewa "kofin ya fashe". Haka Holanci: *hij heeft het glas gebroken*, amma *het glas is gebroken*. Mu muna canza ƙarshen aikatau, su kuma suna canza mataimaki.

A yi wa littattafan adalci: dokarsu tana aiki ga *gaan* da *komen*, kuma ko bayanin sauyin hali bai warware komai ba. *Blijven*, wato zama a wuri, da shi kansa *zijn*, duk *zijn* suke ɗauka, sai dai a haddace su. Amma haddace kalmomi biyu ko uku ya fi a ɗora mutum kan dokar da za ta kā da shi a jarrabawar harshe da ake nema wajen samun izinin zama na dindindin a Holan.

Don haka idan ka tsaya tsakanin *heb* da *ben*, kada ka tambayi kanka ko an yi motsi. Tambayi ko an isa wani wuri, ko wani abu ya zama daban.