Liman a Gaban Malami: Karatun Limamai Bayan Naɗi a Gusau, Tsafe da Bungudu

Wanda ya saba bin lungunan Kanwuri ko Birnin Ruwa a Gusau bayan sallar asuba ya san wannan zama. Malam yana kan buzunsa a zaure, ɗalibai sun kewaye shi, kowa da littafinsa a cinya yana jiran layi. Cikin masu jiran akwai dattijo mai furfura wanda bai daɗe da sallame sallah da jama'ar unguwarsa ba. Limami ne, mutane na durƙusa masa. A nan kuwa shi ke tanƙwashe ƙafa, ya ja baƙi, malam ya fassara, shi kuma yana amsawa da na'am, har a kai inda za a tsaya. Gobe ya dawo. Wannan shi ne ɗaukar karatu, kuma da shi ƙasar Hausa ta riƙa sabunta ilimin limamanta tun kafin a san wani abu wai shi bita.

Tsarin ba shi da ranar gamawa. Ana fara fiƙihu da Ƙawa'idi, a shiga Ahalari da Ishmawi da Iziyya, a haura Risala da Askari, mai dogon numfashi ya kai Muhtasar. A gefe ga nahawu daga Ajurumiyya zuwa Alfiyya, ga lugga a Ishiriniya da Muƙama, ga Jalalaini da Muwaɗɗa da Ashafa. In an sauke littafi a wajen wannan malami, sai a sake ɗaukarsa a wajen wancan, domin kowa da fannin da ya fi ƙwarewa a kai. Mutum kan maimaita Risala sau uku ko huɗu a rayuwarsa, kuma Risalar da ya karanta yana saurayi daban take da wadda zai karanta bayan ya ɗaura aure ɗari, ya raba gado, ya wanke gawa. Littafin yana nan yadda yake, tambayoyin da mai karatu ya zo da su ne suka yi nauyi.

Ƙasar nan tana da tarihin wannan al'ada a ƙofar gida. 'Yandoto, wadda ke yankin Tsafe, tsohuwar cibiyar ilimi ce da malamai ke yi wa tsinke daga nesa, har Muhammadu Bello ya ci ta da yaƙi a farkon shekarun jihadi bayan da yawa daga malamanta sun ƙi bin jama'ar Shehu Usmanu. Sunanta bai ɓace ba, ga shi nan a sarautar 'Yandoton Tsafe. Gusau kanta malami ne ya kafa ta, Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu. Misalin da ya fi taɓa ni kuwa na Shehu Usmanu ne da kansa. Ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin, wajen 1774. Bayan fiye da shekara goma yana kira, sunansa ya riga ya zaga ƙasa, sai ga shi wajen 1786 tare da ƙanensa Abdullahi zaune gaban Alhaji Muhammadu ɗan Raji suna karanta Sahihul Buhari. A tsakanin shekarun nan ne kuma ya yi zamansa na kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara. Abdullahi ya ma rubuta littafi guda don lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wajensu, saboda a wurinsu yawan malaman mutum abin alfahari ne.

Ko a zamanin boko hanyar ba ta yanke ba. Shaihu Abubakar Gumi, ɗan garin Gummi, ya fito daga Makarantar Shari'a ta Kano, ya koyar a Maru, inda ya yi jayayyar nan da ta shahara a kan limamin da ke taimama alhali ga ruwa. Bayan ya zama malamin da ake ji da shi ya sake komawa aji a Bakhtar Ruda ta ƙasar Sudan a tsakiyar shekarun 1950, kafin ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. Rigimar Maru ma darasi ce a kan abin da muke magana. Al'ada ce ta daɗe a masallaci ba wanda ya koma littafi ya duba ta, sai da wani saurayi ya zo ya buɗe.

Yau wannan zama yana raguwa, kuma dalilin farko rawani ne. Da zarar an naɗa mutum limamin Juma'a, sai kunya ta shiga tsakaninsa da tabarmar ɗalibai. Yana tsoron kada mamu su gan shi su ce ashe liman bai gama karatu ba. Wani limancin kuma gado ne: uba ya rasu, an ɗora ɗa don a riƙe gida, ko da karatunsa bai wuce Iziyya ba, kuma daga ranar ba mai iya ce masa ya koma makaranta. Ga neman abinci. Limamin ƙauye manomi ne ko ɗan tireda, abin da yake samu na ɗaurin aure da raɗin suna bai isa cefane ba. Ga kuma rabuwar kai. Babban masanin gado a gari yana iya zama ɗan ɗariƙa, limamin da ke buƙatarsa ɗan Izala, ko a juya, sai kowa ya haƙura da ɗan abin da ke gidansu. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 kowane ɓangare ya gina makarantunsa da tarukan horar da masu wa'azinsa, abin da ya ƙara yawan karatu, amma ya rage zirga-zirgar ɗalibi daga wannan zaure zuwa wancan.

Gwamnati ta shigo fagen da ƙarfinta bayan Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Aka kafa ma'aikatar harkokin addini, da majalisar malamai, da hukumomin Hisba da Zakka da kula da wa'azi da masallatan Juma'a. Masallatai suka yawaita, limamai suka shiga lissafin hukuma, wasu suka fara karɓar alawus. Da wannan ne kalmar bita ta zama ruwan dare. A tara limamai a ɗakin taro kwana ɗaya ko biyu, a gabatar da maƙaloli, a raba jaka da takardar shaida da kuɗin mota, a watse.

Ba na raina bita. Wanda ya tuna 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa har da Zamfara, ya san irin ɓarnar da jita-jita ke yi in malamai ba su sami bayani ba, ya kuma san cewa da bakin sarakuna da limamai aka dawo da amincewar jama'a, har aka tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar a 2020. Haka a 2010, da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ana buƙatar wanda zai hau mumbari ya ce a daina niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Irin wannan sani ba ya cikin Ahalari, sai an zo da likita ya yi bayani. Inda bita ta gaza shi ne, kusan kullum mai shirya ta yana da saƙon da yake so a kai masa ne, na rigakafi ko zaɓe ko zaman lafiya, sai liman ya zama lasifika. Ba a tambayarsa abin da ya shige masa duhu. Ba mai bin sawu bayan wata uku ya ji ko huɗubarsa ta canza. Sau da yawa ma fuskokin da suka halarci ta bara su ne a ta bana, limaman cikin gari masu kusanci da ofis, na ƙauyen da ke bayan Kwatarkwashi ko 'Yankuzo kuwa labari kawai yake ji.

Alhali shi ne tambayoyi masu nauyi ke faɗo wa. Mace ta zo ta ce 'yan bindiga sun tafi da mijinta shekara biyu ke nan, ba waya, ba gawa, mene ne matsayin aurenta? Wanda karatunsa ya tsaya a Risala zai ce ta kai ƙara, a jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Wanda ya shiga Muhtasar da sharhohinsa ya san cewa Malikawa sun rarrabe: hukuncin wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi cikin zaman lafiya daban, na wanda aka kama fursuna daban, na wanda ya ɓace a faɗan da ya auku tsakanin Musulmi daban, kuma in babu abin ciyar da ita tana da wata ƙofar ta neman rabuwa a gaban alƙali. To wanda aka sace a hanyar Tsafe zuwa Funtuwa a wane babi yake? Gadonsa fa, yaushe za a raba? Hukuncin na alƙali ne, amma liman ake fara tarewa a ƙofar masallaci, kuma abin da ya faɗa shi zai sa matar ta nufi kotu ko ta koma ɗaki ta ci gaba da kuka.

Ire-irensu suna da yawa. Ko ana iya sa zakka a kuɗin fansa, mas'alar da malaman mazhaba suka yi saɓani a kanta tun da. Manomin da aka tilasta wa biyan haraji kafin a bar shi ya yi girbi, yaya lissafin zakkar hatsinsa? Gawa goma sha a rana ɗaya, wasu sun kwana biyu a daji, yaya wanka da sallah da binnewa? Ƙauyen da ya watse har mazauna goma sha biyun da Juma'a ke ƙulluwa da su ba su cika ba, a yi Juma'a ko azahar? Duk waɗannan suna da asali a littattafan da ke jibge a zaurukan Gusau. Abin da babu shi ne majalisin da limamin ƙauye zai kawo tambayarsa, manyan malamai su buɗe littafi tare da shi, a kira alƙali ya faɗi yadda kotu ke yi, a rubuta amsa a rarraba.

Shugabanci kuma wani fanni ne da ba a karanta shi a littafi kaɗai. A da na'ibi ne makarantarsa. Saurayi ya yi shekaru a bayan liman, yana ganin yadda ake sulhunta miji da mata ba tare da an kunyata kowa ba, yadda ake gaya wa hakimi gaskiya a keɓe, yadda ake yin shiru a wurin da magana za ta hura wuta. Yanzu aikin ya ƙaru. Akwai kwamitin masallaci da asusunsa, akwai ɗan siyasar da ya ba da gudummawar siminti yana jiran addu'a a mumbari, akwai matasan da suka dawo daga Madina ko Azhar ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da waɗanda wayar hannu ce malaminsu, suna jiran liman ya kawo hadisi mai rauni su ɗora shi a Facebook. Mafi haɗari, akwai huɗuba a garin da Bahaushe da Bafulatani ke sahu ɗaya alhali jini ya zuba a tsakanin danginsu. Kalma ɗaya ta kuskure daga mumbari tana iya sa a ƙone ruga. Ban ga yadda za a bar mutum shi kaɗai da wannan kaya, da karatun da ya yi shekara ashirin da suka wuce ba.

Wasu al'ummomi sun yi wa abin tsari. Maroko ta buɗe cibiyar horar da limamai ta Sarki Muhammad na Shida a Rabat a 2015, tana karɓar ɗalibai daga Mali da Gini da Nijeriya. Yahudawa suna da karatun shafi ɗaya na Talmud kowace rana, wanda wani malaminsu, Meir Shapiro, ya ƙirƙiro a 1923. Shafi 2,711 ne, ana saukewa cikin shekara bakwai da 'yan watanni, a sake farawa, kuma manyan malamansu na ciki tare da 'yan kasuwa. Abin da ya ja hankalina a nan shi ne yadda suka cire kunya daga komawa karatu, tun da kowa yana shafi ɗaya. Mu ma muna da namu samfurin. Nana Asma'u ta naɗa jajis, ta ba su malfa, ta tura su ƙauyuka su koyar da mata, amma naɗin bai sallame su ba, sukan dawo wurinta da ayarinsu su ƙaro karatu su koma. Malaman Islamiyyar matan aure na yau, waɗanda mata ke kai wa tambayoyin da ba za su iya yi wa liman ba, su ne magadan jajis, kuma da wuya a tuna da su in ana rabon takardar gayyata.

Abin da nake ganin zai yiwu ba ya buƙatar sabon gini. Masarautun Gusau da Tsafe da Bungudu da Kwatarkwashi su ne ke naɗa limamai da yawa, suna iya sa zaman karatu na mako-mako cikin sharuɗɗan rawani, babban limamin gari ya fara zama a tabarma don na ƙasa su ga ba abin kunya ba ne. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Maru suna da malaman Larabci da addini da za su iya saukowa zaure, su ma su ƙaru da dattawan da suka haddace Muhtasar. Kuɗin da ake kashewa a bitar kwana biyu zai biya kuɗin motar limaman gunduma guda na watanni.

Rashin tsaro ma ya kawo wani hali da ba a taɓa gani ba. Limaman ƙauyuka da yawa yanzu suna gudun hijira a cikin Gusau da Tsafe da Bungudu, sun bar masallatansu a rufe, suna bin wasu sallah a sahu na biyu. Mutumin da a da sai ya yi tafiyar yini kafin ya ga babban malami, yau yana kwana a kangon da ke bayan gidansa, ba gona, ba jama'a, hantsi zuwa azahar yana zaune. Waɗannan su ne za su koma su tarar da zawarawa da marayu da gonakin da aka yi shekaru ba a raba ba, da maƙwabtan da ke zargin juna da kai rahoto daji. Wasunsu sun fito da littattafansu a cikin buhu tare da 'yan kayan sawa, kuma zaurukan da za su iya buɗe su suna nan a unguwannin da suka sauka.