Tafiyar Lokaci a cikin Shaihu Umar

Tsofaffin ma'aikatan majigi na Gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna sun san wani abu da ya kamata malamin adabi ya sani. Abin da ake haskawa a bango hotuna ne tsayayyu, 24 a kowace daƙiƙa. Hankalin mai kallo shi ke ɗinke su, har ya ga doki yana sukuwa. Watau rabin motsin daga mai kallo yake.

Da wannan ma'auni muke so a duba Shaihu Umar, littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, aka buga a 1934, wanda kuma Adamu Halilu, ɗaya daga cikin ma'aikatan nan na Kaduna, ya mayar fim a 1976.

Ɗalibai sukan yi kuka, wai tafiyar labarin ba daidai take ba, wani wuri gudu, wani wuri rarrafe. Gaskiya ne, amma a ganinmu gwanintar ke nan. Shekarun da Umar ya yi yana karatu a Ber Kufa, a hannun Abdulkarim, marubucin ya taƙaita su ƙwarai. Amma da ya zo kan wahalar uwar Umar, wadda ta fita neman ɗanta ta faɗa bauta, sai ya sassauta, ya bi ta zango zango. Lalle haka zuciya ke lissafi. Kwanakin daɗi kamarsu ɗaya, sukan haɗe su zama kwana guda. Ranar wahala kuwa, kowace sa'a da kamanninta. Kada a manta, dattijo ne ke ba almajiransa labari a Rauta, tunani kuwa ba ya aiki da agogo.

Duk da haka akwai inda muke ganin gaggawa ta yi ɓarna. Saduwar Umar da uwarsa, da rasuwarta, sun zo kusan a numfashi guda. Mai karatu ya daɗe yana jiran ranar nan, ga shi ba a bar shi ya zauna a cikinta ba. In hotuna suka yi kaɗan, hankali ba ya samun abin ɗinkawa.

Saboda haka muna ba malamai shawara su sa ɗalibai su ƙidaya shafukan kowane zango, su gwada da tsawon lokacin da aka ce ya wuce a cikinsa, sa'an nan a tambaye su dalili.