Tahamisi da Doka: Game da Aron Waƙoƙin Shata

Wanda ya zaga kasuwar Katsina a yau ba zai rasa jin muryar Alhaji Mamman Shata tana fita daga wayar wani saurayi ba, amma an cire mata kalangu an ɗora ta bisa kiɗan kwamfuta. Waɗansu suna cewa sata ce, waɗansu suna cewa raya waƙa ce. To, bari mu duba abin da doka ta ce, sa'an nan mu auna ita dokar kanta.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a 1999, watau ke nan sai 2069 ta wuce kafin a sarrafa waƙarsa ba da izinin masu haƙƙinta ba. Wannan daidai ne, domin gumin mutum gādon 'ya'yansa ne.

Amma fa aro tsohon abu ne a garin nan. Ishiriniyar da ake rerawa a Maulidi ta Alfazazi ce, Ibn Mahibu ya yi mata tahamisi, Ɗanmasani na Katsina kuma ya yi mata sharhi tun ƙarni na 17. Mai tahamisi yakan ɗora shaɗara uku bisa biyu na wani, ba wanda ya kira shi ɓarawo, gama baitin asali yana nan a fili, sunan mai shi kuma ba a ɓoye ba. A ganina nan ne yawancin samarinmu suka kasa. Sukan tsinke amshi daga jikin waƙa, su yar da maganar da amshin yake ɗauke da ita, sa'an nan su manna nasu suna.

Dokar ma ba ta kuɓuta ba. Daga Ingila aka gaji tushenta, inda aka saba da mawaƙin da ya zauna ya rubuta abinsa. Shata kuwa nan take yake ƙaga magana a gaban jama'a, makaɗa suna yi masa shimfiɗa, 'yan amshi suna riƙe masa zare. Bakandamiyarsa ma ba sau ɗaya ya rera ta ba, kuma kowane rerawa da ƙarinsa da raginsa. Shin wacce ce aka mallaka? Kuma idan saurayi ya tsame kiɗan kalangun kaɗai ya bar muryar, wurin wa za shi neman izini, magadan Shata ko magadan makaɗin?