'Yar Tsanar Manya: Nazari a kan Tara Jarumai na Roba

Akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a Amurka da Turai da Japan, wadda labarinta ya fara iso mu ta intanet, watau a ga magidanci mai gemu yana sayen 'yan mutum-mutumin roba na jaruman almara, yana jera su a kabad mai gilashi, ba ya wasa da su, ba ya kuma yarda ɗansa ya taɓa. Bahaushe in ya ji wannan, abin da zai fara cewa shi ne, wanda ya rasa abin yi da kuɗi ke nan. Mu kuwa muna ganin maganar ta fi haka zurfi, kuma za mu auna ta da abin da aka sani a ƙasar Zazzau, musamman garuruwa irin su Likoro da Hunkuyi da Maƙarfi.

Tun daga sunan abin aka fara dabara. Cikin shekarar 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da wani sojan roba mai suna G.I. Joe, wanda gaɓoɓinsa ke lanƙwasuwa. Masu kamfanin sun san yaro namiji ba zai karɓi abin da aka kira 'yar tsana ba, sai suka laƙaba masa wani suna mai ma'anar mutum-mutumin gwagwarmaya. Da Hausa ba mu da wannan mafaka. Abin da ke hannunmu kalmomi biyu ne, 'yar tsana da gunki, na farko na 'yan mata ne, na biyu kuwa ba mai so a jingina masa shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa al'adar za ta sha wuya kafin ta zauna a zauren Bahaushe.

Game da gunki, malamai sun daɗe da rarrabewa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana, har a cikinsu akwai doki mai fikafikai, kuma Annabi (SAW) ya gani bai hana ba. Da irin wannan ne malaman Malikiyya suka yi rangwame ga kayan wasan 'yan mata. Amma fa rangwamen na yara ne, kuma na abin da ake wasa da shi. Wanda aka ɗaukaka a kabad, ana share masa ƙura, hukuncinsa na malamai ne, ba namu ba. Abin da ya ja hankalinmu kawai shi ne dokin nan mai fikafikai, domin ya nuna sha'awar siffanta abin da ido bai taɓa gani ba tsohuwa ce ƙwarai.

To, me ya yi kama da wannan tari a wurinmu? Ba wasan yara ba ne. Yaron Likoro in ya sami laka a bakin fadamar rake, sai ya gina sa da tozonsa, ko doki, ko raƙumi. In kaka ta yi ya fere kara ya haɗa mota. Kafin mako ya zagayo abin ya fashe, ya gina wani, ba wanda ya yi kuka. Daɗin yana cikin ginawa ne. Abin da ya yi kama da kabad ɗin Bature shi ne jere, watau kayan ɗakin amarya. A da ƙore ne da tasoshi, sa'an nan kwanonin sha da langa da fanteka masu zanen fure suka shigo daga Turai da Hongkong, daga baya tangaran da kuloli suka ture su. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya ya san kwanonin nan ba na cin tuwo ba ne. Ana jera su ne bisa tsari, babba a ƙasa ƙarami a sama, a goge su, a ƙirga su, a san wanda ya ɓace daga saiti. Mai tara jarumai ma haka yake, har ya zarce: wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba ya fi daraja nesa da wanda aka buɗe. Saboda haka matar da ta yi wa mai tarin roba dariya, sai ta waiwayi bangon ɗakinta.

Amma a nan kamannin ya tsaya, kuma a nan sukarmu take. Jere dangi ne suka haɗa shi. Wannan saiti na gwaggo ne, wancan gudummawar ƙawar uwa ce, kuma ran da ta ɓaci ana iya sayar da shi a rufa asiri, ko a ajiye wa 'ya. Kabad ɗin mai tari kuwa kamfani ne ya tsara abin da zai shiga cikinsa. Sa'ad da fim ɗin Star Wars ya fito a 1977, kamfanin Kenner bai gama ƙera kayan ba har lokacin Kirsimeti ya zo, sai ya sayar wa mutane kwali da takardar alkawari, suka kuwa saya. A 1978 jarumai 12 na farko suka fito, a bayan kowane kwali an buga hoton sauran, don wanda ya sayi ɗaya ya san saura 11. Na kamfanin Mattel ya fi ban mamaki: an fito da He-Man a 1982, sa'an nan a 1983 aka shirya masa wasan zane a talabijin. Watau kaya ne suka riga, labari ya biyo baya yana talla. Yaran da suka taso da waɗannan su ne manyan da ke neman su yau da tsada.

Lalle akwai masu ganin maganin abin shi ne mu ƙera namu. An ma fara ta wani gefe: a 2007 Taofick Okoya ya fito da 'yan tsanan Queens of Africa a Legas, cikinsu akwai Azeezah mai wakiltar Hausawa. Wannan ba laifi. Sai dai jaruman almararmu ba duka ne za su yarda a zuba su a roba ba. Dodo na tatsuniya ba shi da siffa guda; kowane yaro da irin Dodon da yake gani in an kashe fitila, kuma rashin siffar nan shi ne rabin tsoron. Gizo kuwa ba a ma daidaita ba ko gizo-gizo ne ko mutum, ga shi da mata Ƙoƙi, yana noma, yana zuwa fada. Abin da ake gane shi da shi tsamin bakinsa ne, wanda sai a bakin mai ba da tatsuniya ake jinsa. Roba ba ta da harshe.

Waɗanda za su ƙeru su ne na littafi, irin su Ganɗoki na Bello Kagara, na 1934, da Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa, na 1951, domin suna da doki da takobi da sulke, kayan da maƙerin roba ke so. Iliya ma ai baƙo ne da ya zama ɗan gari, asalinsa jarumin tatsuniyoyin Rasha ne, don haka ba za a ce aro bai karɓe mu ba. Duk da haka akwai abin dubawa. Ƙarfin labarin Iliya yana cikin shekarun da ya yi a zaune, gurgu, iyayensa na gona shi yana gida, kafin baƙi su zo ya miƙe. Mai karatu yana ɗauke da gurgun nan a zuci duk sa'ad da jarumin ya zare takobi. Maƙeri kuwa siffa ɗaya zai zuba, dole ya zaɓa tsakanin Iliya na zaune da Iliya na kan doki, kuma na kan doki ne zai sayu a kasuwar Sabon Gari.