Tsokaci a kan Rubuta Littafin Kula da Kwamfuta da Hausa da Matsalar Buga wa Kai

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba halin da rubutun fasahar kwamfuta yake ciki a Hausa, musamman wanda ake yi domin ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin kula da kwamfutocin wata ma'aikata, wato girka manhaja da haɗa na'urori da tsare bayanai. An ɗauki Terminus ta Jos a matsayin misali. Tun bayan gobarar da ta cinye babbar kasuwar Jos a watan Fabrairu na 2002 ciniki ya bazu a titunan da ke kewaye da ita, kuma a yankin titin Ahmadu Bello akwai shagunan sayar da wayoyi da kwamfutoci da gyaransu. Da Hausa maigida yakan yi wa yaronsa bayanin aiki a irin waɗannan shaguna, ko da kuwa ɗayansu Birom ne ko Angas. Abin tambaya shi ne, wane irin littafi ne zai amfani wannan yaro?

2.0 Waiwaye

Rubuta kimiyya da Hausa ya daɗe. A 1949 aka fara buga Ikon Allah na Rupert East da Abubakar Imam a Zariya, a ƙarƙashin hukuma mai editoci da masu duba rubutu. A 1990 kuma Ɗalhatu Muhammad ya shirya Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi, wanda ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi. A fagen kwamfuta, Abdullahi Salihu Abubakar, wanda aka fi sani da Baban Sadiq, ya yi shekaru yana rubutu a jaridar Aminiya, ya kuma wallafa Fasahar Intanet a Sauƙaƙe. Wannan ƙoƙari abin yabo ne. Sai dai galibin irin waɗannan rubuce-rubuce mai amfani da kwamfuta suke fuskanta, shi kuwa mai kula da ita bukatarsa ta fi zurfi, kuma masu irin sana'arsa ba su da yawan da zai ja hankalin babban kamfanin ɗab'i. Saboda haka marubucinsa ba shi da mafita sai ya bi sawun marubutan Adabin Kasuwar Kano, waɗanda tun cikin shekarun 1980 suke buga littattafansu da kuɗin aljihunsu.

3.0 Matsaloli

3.1 Rashin mai tacewa. Kuskuren ɗab'i a littafin soyayya ba ya hana mai karatu fahimtar labari. A littafin fasaha kuwa harafi ɗaya ya isa ya jawo asara. A tsarin Linux, umarnin rm share fayil yake yi ba tare da ajiye shi a kwandon shara ba, don haka tazara ɗaya da ta shiga inda bai kamata ba tana iya tafiya da bayanan albashin ma'aikata ko sakamakon jarrabawar ɗalibai. Wajibi ne marubuci ya sami wani masani ya gwada kowane umarni a kan na'ura kafin a kai maɗaba'a.

3.2 Keɓaɓɓun kalmomi. A bakin jama'a "yanar gizo" da "intanet" abu ɗaya ne. Ga mai kula da na'urori kuwa sun bambanta, domin intanet ita ce hanyar da ta haɗa kwamfutoci, yanar gizo kuma ɗaya ce daga hidimomin da ke bin wannan hanya, kamar yadda imel yake. Idan littafi ya cakuɗa su, mai karatu zai kasa gane inda matsala take in shafi ya ƙi buɗewa alhali saƙonni suna shiga. Kalmomi irin su "manhaja" da "kalmar sirri" sun zauna daram, ya kamata a riƙe su. Umarnin da ake bai wa na'ura kuwa ba a fassara shi, a bar shi yadda yake a yi bayaninsa da Hausa.

3.3 Ƙa'idojin rubutu. Yawancin littattafan da aka buga wa kai suna zubar da haruffa masu lanƙwasa, har "kafa" da "ƙafa" su zama ɗaya. A da akwai uzuri, kafin irin su Abdalla Uba Adamu su samar da haruffan Hausa na kwamfuta cikin shekarun 1990. Yau da tsarin Unicode ya ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ, uzurin ya kau. Mai karatu a Jos wanda Hausa harshensa na biyu ne ya fi kowa bukatar daidaitacciyar Hausa.

3.4 Tsufa da wuri. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP a 2014, ya daina wa Windows 7 a 2020. Littafin da ya ginu a kan "latsa nan, latsa can" yakan mutu tare da manhajar da ya kwatanta. Wanda ya bayyana dalilin ajiye kwafin bayanai a wuri dabam, da dalilin hana kowane ma'aikaci ikon da ya wuce aikinsa, zai daɗe ana cin moriyarsa.

4.0 Kammalawa

Buga wa kai yana da alfanu ɗaya babba, wato marubuci yana iya buga kwafi kaɗan, ya saurari gyaran masu sana'a, ya sake bugu cikin sauri. Illarsa ita ce aikin edita da na mai duba kalmomi duk sun koma kan mutum ɗaya. A nan ne sassan harsunan Nijeriya da na kimiyyar kwamfuta na jami'o'inmu suke da rawar takawa. Idan suka haɗa kai suka fitar da jerin keɓaɓɓun kalmomin wannan fage, suka kuma yarda su riƙa duba rubutun sababbin marubuta kafin bugu, yaron shago a Terminus zai sami littafin da zai dogara da shi ba tare da tsoron ɓata kayan mutane ba.