Zakin Bayan Gingimari: Sharhi Kan Fentin Mai Da Masu Zanen Motocinmu

Mai karatu, idan tafiya ta taɓa bi da kai ta Kwanar Dangora a ƙaramar hukumar Kiru, ko ka bi titin da ya ratsa Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa ya nufi Saminaka, to ka sha zama a bayan gingimari mai bodin katako, maƙare da buhunan masara. Kafin direbanku ya samu sararin wuce ta, ka gama ƙare wa bayanta kallo: zaki ya wangale baki, ko ɗawisu ya baza jela, ko masallaci mai koriyar ƙubba, a ƙasa kuma an rangaɗa karin magana. Da hannu aka yi wannan, da buroshi da fentin mai. A ganinmu, zane ne da ya cancanci a yi masa sharhi kamar kowane aikin fasaha, a yaba inda ya yi kyau, a kuma faɗi inda ya gaza.

Da farko, fentin mai ba bushewa yake yi ba

Tawadar da mai zayyana yake ƙawata allo da ita, ruwa ce da launi da ƙaro. Ruwan ya tashi, launin ya zauna, shi ke nan. Shi ya sa in ruwa ya sake taɓa allon sai zanen ya wanke. Fentin mai kuwa wata hanya daban yake bi. Man da ke cikinsa yana zuƙar iskar oksijin, ƙwayoyinsa su riƙa ɗaure juna har su zama wata siririyar fata mai tauri. Abin mamaki ma, man nauyi yake ƙarawa a lokacin da yake daskarewa, saboda iskar da ya sha.

Ba kowane mai ne ke iya wannan ba. Ka shafa man gyaɗa a katako ka dawo bayan wata guda, za ka tarar da shi da maiƙonsa ya tara ƙura. Man linsid, wanda ake matsowa daga 'ya'yan shukar filaks, shi ne gwani, domin fiye da rabinsa nau'in kitse ne mai saurin kama oksijin. Da irin wannan mai Jan van Eyck ya zana hoton nan na Arnolfini da matarsa a 1434, kuma har yau yana rataye a Landan da launinsa. Tun kafin shi ma, binciken da aka bayyana a 2008 ya gano fentin mai a bangon kogunan Bamiyan na Afganistan, wanda aka yi tun wajen ƙarni na 7.

Na gwangwanin da mai zanen mota ke saye jikan wancan ne. Tun shekarun 1920 masana'antu suka koma haɗa wani danƙo da ake kira alkid, wanda ake dafawa da man tsirrai, sau da yawa man waken suya. Wato irin waken da ake nomawa a Tudun Wada da Doguwa, danginsa ne ke riƙe da zakin bayan motar. Ana kuma zuba masa sinadarai irin su kobalt don ya kama cikin sa'o'i maimakon kwanaki.

Inda suka ciri tuta

Mai zanen mota ya san mai kallonsa. Ya san daga nesa za ka gani, cikin ƙura, mota na gudu. Don haka yake kewaye siffa da baƙin layi mai kauri, ya ɗora rawaya kusa da shuɗi, ja kusa da kore, launukan da ke fito da juna. Ba ya ɓata lokaci kan gashin zaki ɗaya bayan ɗaya. Ido da haƙori da geza, sun wadatar. Wanda ya ce wannan rashin ƙwarewa ne bai lura da aikin da aka sa zanen ya yi ba.

Ka kuma duba gefe-gefen bodin. Layukan da ke nannaɗe juna, da yadda hagu ke amsa dama, za su tuna maka da dagi a bangon gidajen gargajiya, da aska takwas a wuyan babbar riga, da zayyanar allon sauka. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya, suna kira da a haɗa dabarar Turai da salon gida. Mai zanen gareji bai shiga ajinsu ba, amma abin da yake yi ke nan kullum: fentin kamfani, idon Bahaushe.

Inda aka gaza

Na farko, maimaici. Zaki ɗaya ne ke yawo daga mota zuwa mota, yaro ya kwafa daga maigidansa, shi ma haka ya kwafa. Ga madatsar Tiga a Bebeji, ga duwatsun Riruwai, ga kasuwar hatsi lokacin kaka, ga makiyayi da garkensa a bakin Falgore, amma da wuya ka ga ɗayansu a bayan mota. Laifin a raba shi biyu, domin mai mota ne ke nuna motar wani ya ce irin wancan yake so.

Na biyu, gaggawa. Fenti ba ya kama tsatsa ko ƙura ko maiƙo. Sai an goge da samfefa, an shafa fentin ƙasa, an bar shi ya kama. Idan aka lafta shafi mai kauri, ko aka ɗora na biyu kafin na farko ya yi tauri, sama ce ke fara shan iska ta yi fata, ƙasa na nan da ɗanyenta, sai ka ga zanen ya yamutse. Tsoffin masu zanen Turai suna da ƙa'ida a kan haka: shafin ƙasa ya zama siriri mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai, kowanne kuma a jira shi. Bodin katako ya fi kowa buƙatar wannan haƙurin, domin yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kuma kudancin Kano ya fi birni samun ruwan sama.

Na uku, tsinka fenti da fetur ko kananzir don gwangwani ɗaya ya yi aikin biyu. Abin tsinkawa tashi yake yi, danƙon ne ke zama. In danƙo ya yi kaɗan, launi ba shi da mai riƙe shi, sai sheƙi ya mutu, ka shafa hannu ka ga gari. Rana kuma ba ta cin launuka daidai wa daida. Yawancin ja da rawaya masu araha su ne ke fara koɗewa, shuɗi ya daɗe. Abin da ya sa ke nan tsohuwar fosta take komawa shuɗiya.

Na huɗu, rubutu. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ba ado ba ce. Wanda ya iya gezar zaki bai kamata lanƙwasa ɗaya ta gagare shi ba.

Abin da ya fi zanen muhimmanci

Binciken da aka sha yi kan fentin mai a kasuwannin Najeriya ya gano dalma mai yawa a wasu gwangwanaye, musamman rawaya da ja. Ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Ita ce gubar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake ta haƙar zinare ta zo. Yanzu ka tuna wa ke goge tsohon fenti da samfefa a gareji: yaron shago. Ka tuna kuma su waye ke zana taswira da hoton zuciya a bangon firamare. Jiƙa wuri kafin a goge, rufe hanci, wanke hannu da sabulu kafin cin abinci maimakon fetur, da neman fentin da aka rubuta ba dalma a jikinsa, duk ba su kai kuɗin asibiti ba.

To, bana fa?

Aikin mai buroshi jinga ne, a ciki zai sayi fenti, ya sallami yara. Hunturu ya zo ƙura ta manne wa ɗanyen aiki, damina ta zo danshi ya hana shi kamawa. Yanzu kuma ga injin buga bana da sitika, wanda ke gama allon shago ko hoton ɗan takara cikin sa'a guda. Gaskiya bana ta fi sauri, ta kuma fi fito da fuskar mutum sak. Sai dai idan ta koɗe ko ta yage, sai bola. Zanen fenti kuwa ana bin sa da buroshi a farfaɗo da shi. Kuma zanen hannu ana iya gane mai shi, kamar yadda ake gane ɗinkin gwani.

Matsalar ita ce wannan fasaha ba ta da ma'aji. Ranar da aka sake wa mota bodi, zanen ya tafi. Don haka in ka ga wanda ya burge ka a tasha, ɗauki hotonsa, ka duba ƙasan kusurwa ko mai zanen ya sa sunansa, ka rubuta wuri da shekara. In kuma kai ne mai ba da aikin, ka biya kuɗin fentin ƙasa, ka ba shi kwanakin da zai kama, sannan ka ce a zana maka wani abu na garinku.